Yadda Ake Tsara Wankan Kare Gwargwadon Irin Gashinsa

Duk sabon mai kare da ya tambaye ni sau nawa zai riƙa yi wa karensa wanka, ba na ba shi amsa sai na ɗora hannu a bayan karen, na shafa, na buɗa gashin na leƙa fata. Akwai karen da ke buƙatar wanka kowane mako, akwai kuma wanda zai yi wata uku ruwa bai taɓa jikinsa ba, yana nan fes. Gashin da ke jikinsu da fatar da ke ƙarƙashinsa su ne suka raba su. A shekarun da na yi ina wannan aiki, karnukan da na gani suna fama da susa da amosani, mafi yawansu wanka ne ya yi musu yawa, ko kuma an yi wankan an bar kumfa da danshi a jiki.

Abu ɗaya ya kamata ka sani tun daga farko. Fatar kare tana fitar da wani maiƙo da ke bin gashi, yana hana ruwa shiga, yana kuma hana fata bushewa. Kowane wanka da shamfu yana kwashe wannan maiƙo. Idan ka ba shi lokaci sai ya dawo daidai. Idan ka matsa masa da wanka, fatar ta bushe ta fara ɓarewa, karen ya yi ta susa, susar ta kawo ƙuraje, ƙurajen su kawo wari, kai kuma ka ji warin ka ƙara yawan wanka. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kayan aiki

Shamfu na karnuka ne kan gaba, kuma a nan ba na yin sassauci. Fatar mutum tana da ɗan tsami, kusan 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, ta kare kuwa ta fi kusa da 7, wato ba ta kai tamu tsami ba, sannan saman fatarsa ya fi namu siranta nesa ba kusa ba. Shamfun da aka haɗa domin kanka zai yi wa fatarsa ƙarfi. Idan ba ka samu na karnuka ba kuma wankan ya zama dole, shamfun jarirai marar turare zai fitar da kai sau ɗaya, amma kada ya zama jiki. Idan shi ma babu, ruwa zalla da tsumma sun fi maka. Garin sabulun wanki, da ruwan maganin da ake goge ƙasa da bayi da shi, da kananzir, da baƙin man inji da wasu ke shafa wa kare wai don kashe ƙazuwa ko kaska, duk ka nisanta su daga jikinsa. Suna ƙona fata, kuma kare yana lasar jikinsa, duk abin da ka shafa masa cikinsa za shi.

Sai abin taje gashi, wanda ya danganta da karenka. Mai gajeren gashi safar hannu ta roba mai ƙananan haƙora ta ishe shi. Mai gashi hawa biyu, wato na sama da wani mai laushi a ƙarƙashinsa, yana buƙatar mataji mai dogayen haƙora irin na manjagara, wanda ke kaiwa har gashin ciki. Mai dogon gashi ko nannaɗaɗɗe yana buƙatar buroshi mai siraran wayoyi da kuma matajin ƙarfe. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi matajin ƙarfe mai haƙora manya a gefe ɗaya, ƙanana a ɗaya gefen. Shi ne ba ya yi maka ƙarya: in ya wuce har fata ba tare da ya maƙale ba, gashin ya warware.

Ka tanadi tawul biyu ko uku, da baho ko wurin da ruwa ke wucewa, da tabarmar roba da zai taka. In babu tabarmar, shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa. Wasu karnukan da ake cewa suna tsoron ruwa, santsi suke tsoro. Sai moɗa ko tiyo mai sakin ruwa a hankali, da auduga, da gorar roba da za ka tsinka shamfu a ciki, da igiyarsa, da ɗan abin taɓawa da ka san yana so. Man laushin gashi na masu dogon gashi da nannaɗaɗɗe ne kawai. Na'urar busar da gashi kuma, in karenka mai kauri ne, za ta rage maka wahala sosai.

Mataki na 1: Gane irin gashin

Kada ka dogara da sunan jinsin da aka faɗa maka, musamman in karen haɗe-haɗe ne. Buɗa gashin kafaɗarsa da na gindin wutsiya da yatsu biyu. In fata ta bayyana nan take, gashin hawa ɗaya ne. In ka tarar da wani gashi mai laushi kamar auduga a cunkushe a ƙarƙashin na sama, har sai ka tona kafin ka ga fata, hawa biyu ne. Sannan ka murza gashin a tsakanin yatsu ka ji ko sulɓi ne da shi, ko kaushi kamar tsintsiya, ko kuwa ya kanannaɗe. A ƙarshe ka duba tafin hannunka ka sansana. In ya yi naso kamar ka taɓa mai, karenka mai maiƙon fata ne, kuma wannan zai gajarta masa tazara ko da gashinsa gajere ne.

Mataki na 2: Tsayar da tazarar wanka

Alƙaluman da zan ba ka nan na lafiyayyen kare ne, wanda ba ya yini a cikin taɓo. Ka fara da su, daga baya jikin karenka zai nuna maka inda za ka gyara.

Gajeren gashi mai sulɓi, irin na Boxer, Doberman, Dalmatian, Greyhound, Azawakh da Basenji: wanka sau ɗaya a wata 2 zuwa 3. Datti ba ya samun wurin maƙalewa a jikinsu. Sau ɗaya a mako ka bi shi da safar roba, ka biyo da jiƙaƙƙen tsumma, za ka ga yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Basenji ma shi ke wanke kansa da harshe kamar kyanwa, kuma ba shi da warin da aka san kare da shi. Yawancin karnuka haɗe-haɗe masu gajeren gashi a nan suke faɗawa.

Gashi hawa biyu, irin na German Shepherd, Husky, Malamute, Labrador, Golden Retriever, Chow Chow da Pomeranian: mako 6 zuwa 12. A nan mutane suka fi ɓata rawarsu da tsalle, don haka bari in ɗan tsaya. Gashin sama mai ƙarfi shi ke tare ruwa da rana da ƙura, na ciki mai laushi kuma yana riƙe iska tsakaninsa da fata. Labrador an samar da shi ne domin aikin ruwa, shi ya sa za ka zuba masa moɗa guda ka ga ruwan yana gangarewa kamar a bayan agwagwa. Yawan shamfu yana lalata wannan. Irin waɗannan karnuka tajewa suka fi buƙata, sau biyu ko uku a mako, kuma galibinsu suna zubar da gashin ciki da yawa sau biyu a shekara. In ka ga gashi ya fara fita dunƙule-dunƙule, ka yi masa wanka a lokacin ko da ranar ba ta zo ba, domin ruwa mai ɗumi yana sassauta mataccen gashin, sai ka kwashe shi a zama ɗaya maimakon ka yi wata guda kana sharar gida.

Kada ka aske irin wannan kare ƙwal don kana tausayinsa saboda zafi. Garin neman gira za ka rasa ido. Ka cire masa abin da ke kare fatarsa daga rana, kuma sau da yawa gashin ba ya dawowa yadda yake, na ciki ya riga na sama fitowa, jikin ya zama faci-faci. Abin da zai sa ya sha iska shi ne ka taje mataccen gashin ciki ya fita.

Dogon gashi mai santsi, irin na Maltese, Yorkshire Terrier, Shih Tzu da Afghan Hound: mako 2 zuwa 4 in an bar gashin da tsawonsa. Yana sharar ƙasa, yana kwasar duk abin da ya tarar, kuma gashi mai datti ya fi saurin karyewa da cukurkuɗewa. Tajewa kullum ce, ba fashi. In ba ka da wannan lokaci, ka sa a rage masa gashin, sai ka ja tazarar zuwa mako 4 zuwa 6. Ni dai na fi son ganin Shih Tzu da gajeren aski yana walwala a kan wanda aka bar wa gashi har ƙasa alhali cikinsa duk ƙulli ne.

Nannaɗaɗɗen gashi, irin na Poodle da Bichon Frise da duk wanda aka haɗa da Poodle: mako 3 zuwa 4. Ana cewa ba sa zubar da gashi, amma gaskiyar ita ce gashin da ya tsinke ba ya faɗowa ƙasa, a cikin nannaɗin yake maƙalewa. Shi ne yake zama ƙulli in ba a taje ba. Gashin nasu kuma ba ya daina tsawo, saboda haka suna buƙatar aski kowane mako 4 zuwa 6. Ka haɗa wankan da askin, wanka da busarwa tukuna, sannan almakashi ko injin aski, domin ƙura da yashi suna dakusar da kaifi.

Gashi mai kaushi, irin na Schnauzer, Airedale da Wire Fox Terrier: mako 6 zuwa 8. Kaushin shi ne amfaninsa, datti in ya bushe sai ya kakkaɓe da buroshi. Gemu da ƙafafu ne ke saurin ɓaci, su kaɗai za ka riƙa wankewa a tsakani. Kada ka shafa man laushi a bayansa.

Marasa gashi, irin Xoloitzcuintli na ƙasar Meziko da Chinese Crested, su ne ke ba mutane mamaki. Za ka zaci sun fi kowa sauƙi, ashe su ne masu wankan mako-mako. Maiƙon da gashi ya kamata ya shanye a kan fata yake zama, ya toshe ƙofofinta, baƙaƙen ƙuraje su fito. Shamfu mafi sauƙi za ka nema, ka bi shi da man shafawa na karnuka, kuma ka kiyaye shi daga tsakar rana don fatarsu tana ƙonewa.

Masu maiƙon fata kamar Basset Hound da wasu daga cikin Cocker Spaniel suna iya buƙatar wanka kowane mako 1 zuwa 2. Masu tattararriyar fata kamar Bulldog, Pug da Shar-Pei kuwa, wanka sau ɗaya a wata ya isa, sai dai lungunan fatar fuska da na gindin wutsiya dole a riƙa buɗa su ana gogewa ana busarwa, wasu ma kullum. Akwai kuma Puli da Komondor na ƙasar Hangari, masu gashi murɗe-murɗe kamar igiyoyi. Ba a taje su, da hannu ake raba igiyoyin, kuma busar da su kan ci yini guda ko fiye. In irinsu ya faɗo hannunka, nemi wanda ya saba ya nuna maka ido da ido.

Mataki na 3: Duba shi kafin ka ɗebi ruwa

Ranar wankan da ka tsayar ta zo, amma tukuna. Shafa shi, sansana shi, buɗa gashin. In hannunka ya fito da tsabta kuma babu wari, ƙara masa mako guda, babu abin da zai same shi. In kuwa ya yi birgima a kan mushe ko kashi, yau ne ranar wanka ko da shekaranjiya aka yi masa. Taɓo kaɗai ba ya buƙatar shamfu. Bari ya bushe ka kakkaɓe, ko ka ɗauraye da ruwa zalla. Haka ma in ya yi iyo a teku ko a kwamin wanka mai sinadarin kulorin, ɗauraya da ruwa mai daɗi ta wadatar.

Ka kuma bi warin ka gano daga ina yake fitowa, domin ba kowane wari wanka ke magani ba. Ɗaga kunne ka sansana. Buɗa baki. In ƙarni ne mai ƙarfi kamar na ruɓaɓɓen kifi daga wajen wutsiya, kuma kana ganinsa yana jan gindi a ƙasa, wasu 'yan jakunkuna biyu ne da ke gefen dubura suka cika. In kuma warin ya dawo kwana biyu bayan wanka, fata ta yi ja ko ta yi baƙi tana maiƙo, ciwon fata ne. Duk waɗannan aikin likitan dabbobi ne.

Akwai lokutan da ba a wanka sam. Ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba bai iya riƙe ɗumin jikinsa ba, tsumma mai ɗumi kawai za ka goge shi da shi ka busar nan take. Karen da aka yi wa tiyata sai an cire ɗinki, yawanci kwana 10 zuwa 14. In ka ɗiga masa maganin ƙuma da kaska a ƙeya, ka ba shi aƙalla awa 48 kafin ruwa ya taɓa shi, kuma ka karanta takardar maganin don wasu sun fi haka. Marar lafiya mai zazzaɓi ko amai shi ma a bar shi ya warke.

Mataki na 4: Taje shi a bushe

In ka tsallake wannan ka ɓata sauran aikin. Ƙullin gashi in ya sha ruwa ya bushe ƙara tamkewa yake yi, kamar ɗaurin igiyar da ruwan sama ya daka, kuma kumfa tana shiga cikinsa ta ƙi fita. Wuraren da za ka fara dubawa su ne bayan kunnuwa, hammata, ƙarƙashin abin wuya, matsematsi da gindin wutsiya. Riƙe ƙullin daga tushe da yatsunka don kada ka ja fata, ka fara warwarewa daga baki kana komawa ciki. Wanda ya manne da fata ya ƙi warwaruwa, injin aski za a sa masa a bi ta ƙarƙashi. Kada ka kai almakashi. Ƙulli yana jawo fata ya shigar da ita cikinsa, za ka zaci gashi kake yanka sai ka ga jini.

Mataki na 5: Shirya ruwa da wuri

Ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda in ka zuba a cikin tsintsiyar hannunka ba za ka ji zafi ba, ba za ka ji sanyi ba. Ruwan da kai kake jin daɗin wanka da shi ya yi masa zafi. In da tiyo za ka yi kuma ya daɗe a rana, saki ruwan farko ya zube, yana iya ƙona fata. Tsinka shamfun da ruwa a gora yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ka girgiza. Ajiye tawul inda hannunka zai kai, domin da zarar ka juya baya karen ya tsere. Sa dunƙulen auduga a bakin kowane kunne ba tare da ka tura ciki ba. Ramin kunnen kare yana gangarawa ƙasa sannan ya karya kwana, ruwan da ya shiga ba ya fita da sauƙi, kuma masu kunnuwa a zube sun fi kamuwa da ciwon kunne ta wannan hanya. In ka ɗaure shi, kada ka matsa ko taku ɗaya ka bar shi a ɗaure a kan tudu ko cikin baho.

Mataki na 6: Jiƙa shi har fata

Fara daga ƙafafun baya ka hauro, kansa ne na ƙarshe. Da zarar kan kare ya jiƙe zai fara girgije jiki. Mai gajeren gashi minti ɗaya ya jiƙe. Mai hawa biyu kuwa kana iya zuba bokiti guda cikinsa na nan a bushe ƙurmus, don haka ka kusanto da bakin tiyon jikinsa, ɗaya hannun yana buɗa gashin yana dannawa, har ka ji ruwan ya taɓa fata.

Mataki na 7: Cuɗa

Daga wuya zuwa wutsiya, sannan ƙirji, ciki, ƙafafu da tsakanin yatsu. Gajeren gashi da mai hawa biyu ka cuɗa da tafin yatsu yadda kake so. Dogon gashi ba a murza shi, matsa kumfar za ka riƙa yi kana bin kwanciyar gashin daga sama zuwa ƙasa, in ba haka ba ka ƙulla abin da ka gama warwarewa. Fuska da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta, ba shamfu kusa da ido. In yana da ƙuma, fara zagaye wuyansa da kumfa tukuna don kada su gudu su taru a kai.

In likita ne ya ba ka shamfun magani, ka manta da duk tazarar da na lissafa, ka bi tasa, ko da sau biyu a mako ya ce. Irin wannan shamfu yawanci sai ya zauna a jiki minti 10 kafin a ɗauraye. Ka duba agogo, domin minti 10 riƙe da jiƙaƙƙen kare yana da tsawo, in ka bi zuciyarka a minti uku za ka ɗauraye, kuɗin maganin ya tafi a banza.

Mataki na 8: Ɗauraya

Lokacin da ka ɓata wajen cuɗa, ninka shi a nan. Ka yi ta zuba ruwa har wanda ke gangarowa ya zama garai-garai, sannan ka ƙara zagaye ɗaya. Sa hannu a hammata, ƙarƙashin wuya, ciki da gindin wutsiya, in ka ji sulɓi akwai saura. Karen da ya fara susa washegarin wanka, a mafi yawan lokuta ragowar shamfu ce ke cin sa. In za ka sa man laushi, yanzu ne, kuma shi ma a ɗauraye shi tas.

Mataki na 9: Busarwa

Matse ruwan da hannu daga baya zuwa ƙafafu, ka ja da baya ka bar shi ya girgije. Wasu masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun auna a 2012 cewa babban kare yana iya watsar da kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan jikinsa cikin daƙiƙa 4, don haka ka bar shi ya yi maka rabin aikin. In kana so ya dakata har ka kauce, riƙe bakinsa a hankali, domin daga kai girgizar take farawa. Cire audugar kunne, ka goge iya inda yatsanka ya kai. Tsinken goge kunne ba ya shiga kunnen kare.

Mai gajeren gashi tawul ɗaya ya gama da shi. Mai dogon gashi dannawa ake yi da tawul, ba gogawa ba. Nannaɗaɗɗe kuma ana busarwa ana tajewa lokaci guda. Mai tattararriyar fata sai ka buɗa kowane lungu ka tsane shi.

Mai hawa biyu shi ne wanda ya koya mini hankali. Farkon karen da na riƙe German Shepherd ne, ina yi masa wanka kowane mako don ina ganin gata nake yi masa, in goge shi sama-sama in sake shi da yamma. Wata safiya na tarar yana ta cizon cinyarsa. Da na buɗa gashin sai ga wani jan miki mai faɗin tafin hannu, yana tsatstsafo da ruwa, da zafi rau, gashin wurin ya manne. A daren jiya babu shi. Likita ya aske kewayen wurin, ya wanke, ya ba da magani, sannan ya tura yatsa cikin gashin ɗaya cinyar ya ce in taɓa. Sama a bushe, ciki kuwa danshi ne tun na wankan shekaranjiya. Tun daga ranar ba na sakin irin wannan kare sai na tura yatsu har fata a wuya, ƙirji, cinyoyi da gindin wutsiya na ji babu sanyin danshi.

Da na'urar busarwa, sa ta a iska mai sanyi ko mafi ƙarancin ɗumi, ka riƙa motsa ta, ɗaya hannunka yana wurin da iskar ke duka don ka ji abin da yake ji. Masu gajeren hanci irin Pug da Bulldog zafi yana saurin galabaitar da su, da su iska mai sanyi kawai. In babu na'ura, yi wankan da hantsi a ranar da babu hadari, ka canza tawul har uku, ka zauna da shi a inuwa mai iska ko gaban fanka kana tajewa har ya bushe. Kada ka yi wa mai kaurin gashi wanka da yamma. Kuma kada ka sake shi a fili yana da ɗan danshi, domin abin da zai fara nema shi ne wurin birgima.

Mataki na 10: Gyara tazarar

Rubuta ranar wankan. Bayan kwana uku ka buɗa gashin bayansa ka duba. In ka ga farin amosani, gashin ya dushe ya yi gautsi, yana susa alhali babu ƙuma, ƙara mako biyu a kan tazarar, ko ka sauya shamfu zuwa mai sauƙi. In kuwa tun kafin rabin lokacin hannunka ya fara fitowa da maiƙo da wari, kuma likita ya ce fatar lafiya lau, rage mako ɗaya. A lokacin sanyi mai busar da fata ka ja tazarar, a lokacin ruwa da taɓo ka yawaita ɗaurayar ƙafafu da ciki da ruwa zalla maimakon cikakken wanka. Kada ka canza shamfu da tazara a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane wanne ne ya yi aiki ba. Kuma duk ranar da ka yi masa wanka ka haɗa da shimfiɗarsa da abin wuyansa, domin karen da ya koma ya kwanta a kan tsohon bargonsa, kafin gari ya waye ya kwashi warin da ka wanke.